Rage Shan Sukari Ya Zama Ɗabi'a: Tambayoyi da Amsoshi

Da yawa daga masu cewa sun daina shan sukari, idan ka waiwaye su bayan wata guda za ka tarar sun koma gidan jiya. Niyyar suna da ita, inda aka samu matsala shi ne sun ɗauki abin kamar maganin da ake sha na kwana goma a huta. Jiki kuwa abin da ake zuba masa kullum yake lissafawa, shekara da shekaru. Tambayoyin nan su ne waɗanda suka fi yawo a bakin masu son ragewa, kuma amsoshin an yi su ne don wanda ke neman canjin da zai iya riƙewa har tsufa.

Wane sukari ake nufi? Ai kusan komai akwai zaƙi a cikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba shi gida biyu. Akwai wanda ke zaune a cikin abinci tun asali, kamar zaƙin da ke cikin ɗan itacen da ba a matse ba, da na kayan lambu, da na madara. Wannan ba shi ake magana a kai ba. Akwai kuma wanda aka ƙara da hannu, ko a masana'anta ko a kicin ko a kan tebur, sannan aka haɗa masa da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Wannan na biyun shi ake son a rage, saboda ya riga ya rabu da duk abin da ke rage masa gudu, yana shiga jini da sauri.

To nawa ne bai yi yawa ba?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ga babban mutum mai cin kalori 2,000, wannan ya kama giram 50, wato kusan cokalin shayi 12. Hukumar ta ƙara da cewa in an iya saukowa ƙasa da kashi 5, wato giram 25 ko cokali 6, amfanin ya fi yawa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa tata iyakar a giram 25 ga mata, giram 36 ga maza.

Lissafin da ya kamata ka riƙe a ka guda ɗaya ne: cokalin shayi ɗaya daidai yake da giram 4. Da shi za ka iya auna komai. Wanda ke shan shayi kofi uku a rana, kowane kofi da cokali biyu, ya riga ya sha giram 24 tun bai taɓa biskit ko alawa ba.

Me ya sa kullum abin sha ake fara ɗora wa laifi?

Saboda nan ne ɓarnar ta fi yawa, kuma nan ne ba a jin ta. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yakan ƙunshi sukari kusan giram 35, kimanin cokali 9. Da za a zuba wa mutum cokali tara a tafin hannu a ce ya lashe, da kyar zai kai rabi. Amma a cikin ruwa mai sanyi da iska da ɗan tsami, minti uku ya ishe shi. Wanda ke shan gwangwani ɗaya kullum, a shekara ya sha kusan kilo 13 na sukari daga nan kaɗai.

Abu na biyu shi ne ciki ba ya lissafa ruwa a matsayin abinci. Idan ka ci abu mai tauri, ka tauna, ya zauna a tumbi, jiki yakan aika saƙon ƙoshi, sai ka rage ci a gaba. Abin sha mai zaƙi wucewa yake yi, ka sha kalori 140 sannan ka zauna ka ci abincinka cif kamar ba ka sha komai ba.

Shi ya sa gwamnatoci ma daga nan suka fara. Meziko ta sa haraji a kan lemo mai sukari a 2014. Birtaniya ta fara nata a watan Afrilun 2018, kuma tun kafin dokar ta fara aiki kamfanoni da dama suka rage sukarin da suke zubawa don su kauce wa biya. Wannan ya nuna abu guda da ya kamata a lura da shi: yawan zaƙin da aka saba da shi ba dole ba ne, an rage kuma mutane suka ci gaba da saye.

A ganina, wanda bai canza komai ba sai abin shansa, ya yi fiye da rabin aikin.

Me sukari ke yi idan ya shiga jiki?

Sukarin da muke zubawa a kofi haɗin abu biyu ne, gulukos da furuktos, rabi da rabi. Da sun isa hanji sai su rabu, kowanne ya kama hanyarsa.

Gulukos yana shiga jini. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin, shi kuma ya buɗe wa gulukos ƙofar shiga tsoka da sauran sassan jiki don a ƙona shi ko a ajiye. Wannan aiki ne na yau da kullum, babu laifi a cikinsa. Matsalar tana farawa ne idan kitse ya taru a jiki, musamman a ciki, sai sassan jiki su fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Fankiriyas ta ƙara yawan abin da take saki, shekara bayan shekara, har ta gaji.

Furuktos kuwa yawancinsa hanta ce ke fama da shi. Idan kaɗan ne ba ta damu ba. Idan ya zo da yawa a lokaci guda, kamar yadda yake zuwa daga kwalbar lemo, sai ta mai da wani ɓangarensa kitse. Wani kitsen ya zauna a hantar, wani ya fita cikin jini. Daga nan ake samun alaƙa tsakanin yawan shan zaƙi da taruwar kitse a hantar mutumin da bai taɓa shan giya ba. Furuktos ɗin yana kuma ƙara wani sinadari a jini da ke taruwa a gaɓoɓi, ya haddasa ciwon nan mai zafi da ya fi kama babban ɗan yatsan ƙafa.

Shin sukari ne ke kawo ciwon suga?

Sunan ciwon ne ke sa a ɗauka amsar a fili take, amma sai an bambance. Nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Alawa ba ta da hannu a ciki, kuma zalunci ne a zargi uwa da cewa ita ta jawo wa ɗanta.

Nau'i na biyu, wanda shi ne kusan tara cikin goma na masu ciwon, abubuwa ne suke haɗuwa: gado, shekaru, ƙiba, rashin motsa jiki, da irin abincin da ake ci. Sukari yana shiga nan ta hanyar ƙiba, kuma bincike da dama sun nuna masu shan lemo mai zaƙi kullum sun fi kamuwa. A ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021, manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon. Rage sukari ba zai goge abin da ka gada ba, amma yana daga cikin 'yan abubuwan da ke hannunka.

Wane amfani ne ya fi tabbas?

Haƙori. A nan babu jayayya tsakanin masana. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin kuma ya riƙa zaizaye farin da ke rufe haƙori. Yawu yana gyara ɓarnar, amma yana buƙatar lokaci, kamar rabin awa zuwa awa guda bayan kowane shan zaƙi. Saboda haka yawan lokutan da ake sha yana da muhimmanci kamar yawan abin da aka sha. Wanda ya ci alawa biyar a zama ɗaya bayan abinci ya fi sauƙi a kan wanda ya yini yana tsotsar su ɗaya bayan ɗaya, ko mai kurɓar shayi mai zaƙi daga safe har yamma.

An gano haka ne ta mummunar hanya. A ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950, a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin, an riƙa bai wa masu naƙasar ƙwaƙwalwa alawa mai danƙo tsakanin abinci da abinci don a ga abin da zai faru. Haƙoransu suka ruɓe. Yau babu hukumar da za ta amince da irin wannan gwaji, amma abin da ya nuna har yanzu yana nan daram.

Zuciya fa? Na ɗauka maiƙo ne abokin gabarta.

Haka aka daɗe ana koyarwa, kuma akwai labari a bayan hakan. Wani masanin abinci ɗan Birtaniya, John Yudkin, ya wallafa littafi a 1972 yana gargaɗi cewa sukari na da hannu a ciwon zuciya. Ba a saurare shi ba sosai, wasu ma suka mai da shi abin dariya. Sai a 2016 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tono tsofaffin takardu da suka nuna cewa wata gidauniyar masu sana'ar sukari ta biya wasu masana na Jami'ar Harvard, suka rubuta nazarin da ya fito a 1967, wanda ya sassauta laifin sukari ya jingina shi ga maiƙo.

Wannan ba ya nufin an wanke maiƙo. Abin da ake da shi yanzu shi ne yawan shan sukari yana tafiya tare da hauhawar wani nau'in kitse a jini, da hawan jini, da ƙiba, kuma dukkansu hanyoyi ne zuwa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Idan na rage, zan rame?

Mai yiwuwa, amma a hankali, kuma da sharaɗi. Idan ka cire lemo da kayan zaƙi ba ka cike gurbinsu da wani abu mai nauyin kalori ba, jiki zai sauka kaɗan-kaɗan. Idan kuwa ka bar biskit ka koma soye-soye da farin burodi, an gudu ba a tsira ba. Kada ka sa ran abin mamaki a mako biyu. Abin da ya fi faruwa shi ne ƙibar da ke ƙaruwa a ɓoye kowace shekara ta tsaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara talatin da ke tunanin yadda zai kasance a hamsin.

Zuma da jan sukari ai sun fi fari lafiya, ko?

Jan sukari da fari duk kanwar ja ce. Ɗan launin da ke jikinsa ragowar ruwan rake ne, kuma sinadaran gina jikin da ke ciki ba su kai a ƙirga ba.

Zuma tana da nata ɗanɗano da ƙamshi, tana kuma lafar da tari. Amma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a layi ɗaya ta sa ta da sauran. Wanda ya cire cokali uku na sukari ya zuba uku na zuma, hantarsa ba ta ga bambanci ba. Kuma ba a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

In daina cin 'ya'yan itace ke nan?

A'a. Ci abinka. Zaƙin ɗan itace a ƙunshe yake cikin tsoka da zare-zaren da ake kira faiba, dole sai ka tauna, kuma a hankali yake shiga jini. Da wuya mutum ya zauna ya cinye lemon zaƙi huɗu, amma idan aka matse su kofi ɗaya ne, ya shanye yana tsaye. Hukumomin lafiya a Birtaniya sun ce kada ruwan 'ya'yan itace ya wuce mililita 150 a rana, ko da ba a ƙara masa komai ba.

Abubuwan zaƙi marasa kalori fa, irin na lemon da aka rubuta babu sukari?

Nan ra'ayoyi sun ɗan bambanta. Ba sa ɗaga sukarin jini kamar yadda sukari ke yi, kuma ga wanda ya saba shan kwalba uku a rana, komawa gare su mataki ne. Sai dai a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da su don rage ƙiba, domin ba a ga amfaninsu a nan ba idan tafiya ta yi nisa. A watan Yulin shekarar kuma cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sa aspatam, ɗaya daga cikin waɗannan abubuwan zaƙi, cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna da alaƙa da ciwon, bisa hujja marar ƙarfi, yayin da kwamitin da ke duba abubuwan da ake ƙarawa a abinci ya bar iyakar da aka sani yadda take, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana.

Abin da ya fi damuna da su daban ne: suna riƙe harshe a inda yake. Muddin baki yana samun zaƙi mai ƙarfi kullum, ruwa zalla ba zai taɓa yi masa daɗi ba. Ka ɗauke su gada, ka haye, kada ka gina ɗaki a kai.

A yanke lokaci guda ko a bi a hankali?

Akwai masu halin da in ba su yanke gaba ɗaya ba, ba za su iya ba. In kana cikinsu, ka san kanka. Amma yawancin mutane sun fi ɗorewa idan suka sauko mataki-mataki. Mai cokali uku ya koma biyu da rabi, ya zauna a nan mako biyu har ya daina jin bambanci, sannan ya sake sauka. Harshe yana koyo. Wanda ya yi watanni kan ɗan zaƙi kaɗan, ranar da aka miƙo masa irin kofin da ya saba sha a da, zai ji shi kamar an narka alawa. Wannan canjin ɗanɗano shi ne ginshiƙin abin duka, domin daga ranar da ya samu, ba haƙuri kake yi ba kuma, abin ne ya daina burge ka.

Kwanakin farko wasu kan ji kasala, ko ciwon kai, ko saurin fushi. Sau da yawa ciwon kan ba daga sukari ba ne, daga rashin kafeyin ne, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin baƙin lemon da aka bari, kuma yakan wuce cikin mako guda ko makamancin haka.

Abubuwa biyu suna taimakawa fiye da ƙarfin zuciya. Na farko, kada ka bari yunwa ta kai ka bango, domin mai jin yunwa zaƙi yake fara nema. Abinci mai ƙosarwa, mai wake ko ƙwai ko kifi da kayan lambu, yana kashe rabin kwaɗayin. Na biyu, barci. Wanda bai samu isasshen barci ba, washegari ya fi sha'awar kayan zaƙi. Sai kuma wata dabara da ba ta buƙatar ilimi: abin da ba ya cikin gida ba a cin sa da tsakar dare.

Yaya zan gane sukarin da ke ɓoye a kayan gwangwani da na leda?

Juya bayan kwalin. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan sukari yana cikin ukun farko, abin zaƙi ne ko da an zana ganye a gabansa. Yakan zo da sunaye da yawa: sukuros, gulukos, destiros, maltos, sirop na masara. Wani lokaci akan raba shi gida uku da suna uku don kada ya hau saman jerin.

Sannan ka duba adadin da aka rubuta a kowane giram 100. Ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya mai sauƙi ne: abin ci da ya wuce giram 22.5 yana da sukari da yawa, wanda bai wuce giram 5 ba yana da kaɗan. Inda aka fi mamaki shi ne yogot mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, da hatsin karin kumallo na kwali, da miyar tumatir ta kwalba, da kayan da aka rubuta musu an rage maiƙo, domin sau da yawa da sukari ake maye gurbin ɗanɗanon da aka cire.

Ai ƙwaƙwalwa da sukari take aiki.

Da gulukos take aiki, kusan giram 120 a rana. Jiki yana samun sa daga hatsi da dankali da wake da 'ya'yan itace, in ta kama ma hanta tana ƙera shi da kanta. Ba a buƙatar ko cokali ɗaya daga gwangwanin sukari.

An ce sukari yana ciyar da ciwon daji.

Duk ƙwayoyin jiki gulukos suke ci, masu lafiya da marasa lafiya, kuma daina shan sukari ba ya kashe ciwon daji da yunwa. Alaƙar da aka tabbatar ta ƙiba ce, wadda aka danganta da nau'in ciwon daji 13. Mai fama da ciwon da ke ramewa kada ya hana kansa abinci saboda wannan magana.

Yara fa?

Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a ƙara masa sukari a komai, daga biyu zuwa sama kuma kada ya wuce giram 25 a rana. Abin da aka saba wa harshe da shi tun yana ƙarami shi yake nema in ya girma. Mafi muni shi ne a kwantar da yaro da bulumbotin da ke ɗauke da abin zaƙi, domin yawu yana raguwa cikin barci, haƙoran gaba su kwana a jiƙe.

Maganar cewa sukari yana sa yara ƙiriniya kuwa, an gwada ta sau da dama, kuma nazarin da ya tattara gwaje-gwajen a 1995 bai samu hujjarta ba. Inda yara ke shan zaƙi da yawa galibi wurin taro ne da hayaniya, sai a ɗora wa alawa laifin murna.

Shi ke nan ba ni ba kek har abada?

Wanda ya ɗaura wa kansa wannan doka shi ya fi saurin karya ta, kuma in ya karya sai ya ce tunda an riga an ɓata, bari a ƙarasa. Yanka ɗaya a wurin taro ba shi ne ke kawo ciwo ba. Ka ci, ka ji daɗinsa, zai fi kyau in bayan abinci ne, gobe ka koma kan abin da ka saba.

Akwai wanda bai kamata ya rage da ka ba?

Akwai. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, ko yake shan magungunan da ke sa jiki ya ƙara sakin insulin, idan ya rage abin da yake ci ba a rage masa magani ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Alamomin su ne rawar jiki, gumi, bugun zuciya, jiri da ruɗewa. A wannan hali sukari magani ne: kusan giram 15, wato cokalin shayi huɗu a ruwa ko rabin kofi na lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Irin wannan mutum ya fara zama da likitansa kafin ya canza abincinsa, kuma ya riƙa yawo da ɗan abin zaƙi a aljihu.

Haka mai juna biyu, da tsohon da ba ya iya cin abinci sosai, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, su ma su nemi shawarar likita tukuna. Ruwan gishiri da sukari da ake bai wa mai gudawa kuma ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan, domin sukarin da ke ciki shi ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi gishirin da ruwan.